Yadda Ake Haɗa Kan Ma'aikatan Shagon Ɗinki Kafin Cunkoson Sallah

Duk shekara, da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga bakin masu shagunan ɗinki: ga teloli ƙwararru, ga kekuna, aiki kuma yana shigowa, to me ya sa kullum sai an kai daren Sallah ana cacar baki, kayan mutane ba su fita ba? Wasu su ɗora wa yaran zamani, wasu su ɗora wa wuta. Akwai yaro malalaci, ba musu, wutar ma ba ta da alkawari. Amma a yawancin shaguna ba nan gizo ke saƙar ba. Riga ɗaya takan ratsa hannun mutum biyar ko shida kafin ta koma wurin mai ita, kuma a kowane hannu tana iya maƙalewa ba wanda ya sani. Abin da ke raba kan ma'aikata shi ne aiki cikin duhu: ba a san wa ke riƙe da me ba, ba a san ranar da aka yanka wa mai kaya ba, ba a san yadda kuɗi ke rabuwa ba.

Za mu yi misali da shago mai mutum takwas: maigida, mai yanka ɗaya, masu haɗawa huɗu, mai aikin wuya ɗaya, da yaro mai guga da maɓalli. Idan naka ya fi haka ko bai kai ba, sai ka daidaita. Jerin matakan da gangan aka yi shi. Kada ka fara da tara mutane kana yi musu wa'azin haɗin kai, don kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba jin karin maganar ne ya rage musu ba.

Abin da za ka tanada

Littafi biyu masu kaurin bango, ɗaya na karɓar aiki, ɗaya na lissafin ma'aikata. Allo babba, ko da filawud ne aka shafa wa baƙin fenti, da alli. Kwali da aka yayyanka daidai tafin hannu, da fil na maƙala shi. Leda mai nuna abin da ke ciki, ɗaya ga kowane ɗinki. Sabbin tef na awo iri ɗaya, kowa da nasa. Sai waya guda ta shago mai WhatsApp, wadda ba ta kowa ba ce. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na shadda yadi biyar mai kyau da za a ɓata ka biya ba.

Mataki na 1: Bi sawun riga

Kafin ka canza komai, ɗauki kwana uku kana kallo kawai. Zaɓi ɗinki biyar da suka shigo yau, ka rubuta lokacin da kowanne ya isa hannun mai yanka, lokacin da ya bar shi, da haka har zuwa guga. Abin da za ka gani shi ne lokacin ɗinki kansa kaɗan ne. Kaftanin da ake haɗawa cikin awa uku yana iya kwana shida a shago, saura duk jira ne: jiran zaren da ya dace, jiran a kira mai kaya a tambaye shi irin hannun da yake so, jiran keken aiki, wato wanda ake aikin wuya da shi.

Gargaɗi: kada ka sanar cewa bincike kake yi. Da zarar an ji, kowa zai nuna ƙwazon kwana uku, ka tashi da lissafin ƙarya.

Mataki na 2: Lissafa ƙarfin shagonka

Shago ba ya fitar da abin da ya wuce ƙarfin mafi jinkirin hannu a cikinsa. A ce mai yanka yana iya yanka 15 a rana, masu haɗawa huɗu kowa yana haɗa uku, 12 ke nan, amma mai aikin wuya shida kawai yake gamawa. To ƙarfin shagon a kayan da ke da aiki shida ne a rana, ba 12 ba. Idan kwanakin aikin da suka rage maka 35 ne, shida sau 35 ya ba ka 210. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗauke wuta, rashin lafiya da gyare-gyare, saura 168. Wannan ne adadin da za ka karɓa. Kayan da ba su da aikin wuya a yi musu nasu lissafin daban.

Amfanin wannan lissafi ga zaman lafiyar shago babba ne. In ba a yi shi ba, kaya za su taru jibge a gaban mutum ɗaya, sauran su riƙa kallonsa a matsayin mai ja musu baya, shi kuma yana ganin shi kaɗai ke wahala. Nan gaba ke farawa, alhali ba laifin kowa ba ne, keke ɗaya ne ba zai yi aikin biyu ba. Mafita uku ce: ka ƙulla yarjejeniya tun yanzu da mai keken aiki na waje, ka ɗaga farashin aiki mai yawa don mutane su karkata ga mai sauƙi, ko ka cire wa mai aikin wuyan shagonka duk wata hidima, kada ya tashi sayo zare, kada ya ɗaga waya.

Gargaɗi: masu aikin waje su ma cika suke yi a azumi. Wanda bai kama layi a Sha'aban ba, a goman ƙarshe sai dai a ba shi haƙuri.

Mataki na 3: Baki ɗaya ke yanka rana

Alkawarin tela ya zama abin zolaya a gari, kuma tushensa ba ƙarya ba ce kullum. A shago da yawa kowa karɓar aiki yake yi. Alhaji ya zo maigida ba ya nan, wani daga cikin teloli ya ji nauyinsa ya ce "jibi ka aiko", bai kuwa san akwai kaya arba'in a gaba ba. Jibi ta yi, a tsame kayan Alhaji a sa gaba, na wasu su koma baya, wanda aka katse wa aiki ya ƙullaci wanda ya yi alkawarin.

Ka naɗa mutum ɗaya mai karɓar aiki, da mataimaki ɗaya idan ba ya nan. Su kaɗai ke faɗin farashi, su karɓi kafin alƙalami, su yanka rana, kuma daga littafi za su yanka ta, ba daga ka ba. Sauran a koya musu amsa ɗaya: "Ranka ya daɗe, bari a duba littafi, kada in faɗa maka abin da ba zai yiwu ba." Ba wanda zai ji an raina shi da wannan.

Kai ma maigida dokar ta hau kanka. Idan surukinka ya kawo ɗinki ana saura kwana biyar kuma ba yadda za ka yi, ka faɗa a fili cewa kai ne ka tsallake layi, ka nuna kayan da za su ja baya saboda haka, kuma kai za ka kira masu su. Dokar da maigida ya karya a ɓoye, gobe kowa zai karya ta.

Mataki na 4: Awo da katin rakiya

A nan ake asarar yadi, a nan kuma ake asarar zumunci, don haka za mu ɗan daɗe.

Kowane ɗinki ya samu lamba daga littafi. A rubuta lambar a kati, a maƙala katin a jikin yadin, a saka a leda ɗaya tare da zarensa, maɓallansa da zif idan akwai. Katin ya ƙunshi lamba, ranar karɓa, ranar bayarwa, yawan yadin da aka kawo, awo, irin ɗinki, irin aikin wuya da launin zarensa. A yanki ɗan ƙyalle daga gefen yadin a manna a littafi kusa da lambar. Farar shadda goma idan suka haɗu a tebur, mai su ma ba zai bambance tasa ba.

A auna yadin a gaban mai shi. Turmin atamfa yadi shida ne, amma ba duk abin da aka ce yadi biyar ne a kasuwa yake cika biyar ba. Idan ba a auna a gabansa ba, ranar da yadi ya gaza mai yanka za a zarga, shi kuma ya zargi yaron da ya karɓa.

Sai tsarin awon kansa. Ku zauna sau ɗaya ku tsayar da abu uku. Na farko, jeri: a ce kullum tsawon riga ne farko, sai kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, sannan tsawon wando, ƙugu, cinya, ƙafa. Teloli da yawa lambobi zalla suke jerawa ba suna, kowa da jerin da ya koya a wurin ubangidansa, sai mai yanka ya ɗauki awon hannu a matsayin kafaɗa. Na biyu, rara: shin awon da aka rubuta na jiki ne zalla, ko an riga an ƙara sakin da rigar ke bukata da abin da ɗinki zai ci? Idan mai awo ya ƙara inci huɗu a ƙirji, mai yanka ma ya ƙara nasa, an ɗinka buhu. Idan kowa ya zaci ɗayan ya ƙara, riga ba za ta shiga ba, wannan kuwa ba ta gyaruwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta awon jiki zalla, mai yanka kaɗai ke ƙari. Na uku, ma'auni: tef yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar. A Kano ko Zariya da inci da yadi ake aiki, amma telan da ya koyo sana'a a Maraɗi ko Damagaram da santimita da mita ya saba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi inci 36 ne, wato wajen santimita 91, mita kuwa ta ɗara inci 39 kaɗan. Shagon da ya haɗa hannayen biyu dole ya zaɓi ɗaya ya rubuta shi a bango.

Gargaɗi: tsohon tef yana miƙewa, wani kuma bakin ƙarfensa ya cire an ci gaba da aiki da shi. Ku jera tef ɗin kowa a tebur ku gwada su da juna. Bambancin rabin inci a wuya ya isa a dawo da riga.

Gargaɗi na biyu: saƙon murya ba rubutu ba ne. Hajiya ta turo murya cikin dare tana cewa a canza hannu, wanda ya saurara ya manta, an yanka. Duk canjin da ya zo ta waya, wanda ya karɓa ya rubuta shi a kati nan take, ya sa hannu da kwanan wata, ya kuma mayar mata da rubutu: "Hajiya, an canza zuwa dogon hannu, haka ne?" Hoton samfurin da ta turo a ajiye shi da lambar ɗinkin a wayar shago. Idan a wayar tela ɗaya hotunan suke, ranar da bai zo ba shago ya makance.

Mataki na 5: Allo da miƙa hannu

Raba allo gida shida: jira, yanka, aikin wuya, haɗawa, guga, an gama. Idan a shagonku haɗawa ke riga aikin wuya, sai ku sauya jerin. Lambar kowane ɗinki tana gida ɗaya ne kacal, da harafin farko na sunan wanda ke riƙe da shi. Wanda ya gama nasa ba ya jefa kaya a kan tebur ya juya. Hannu da hannu zai miƙa, mai karɓa ya buɗe ya duba: guntayen sun cika? Aljihu yana nan? Gam ɗin wuya fa? In ya karɓa, shi zai goge lambar ya matsar da ita gidansa. Daga lokacin amanar tana wuyansa.

Wannan dubawar ba ta cin minti biyu, amma ita ke kashe "ai haka aka ba ni", maganar da ta fi kowace haddasa faɗa a shago.

Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da ɗinki uku a lokaci guda. Mai tara kaya goma a ƙarƙashin kekensa don kada wani ya riga shi, shi ne ke sa allo ya nuna ana aiki alhali kaya kwance suke.

Mataki na 6: Fito da lissafin kuɗi fili

Duk gyaran da ka yi a sama zai rushe idan rabon kuɗi a duhu yake. Biya iri biyu aka saba, kowanne da cutarsa. Idan kuɗin rana ko na wata ne, mai sauri zai ga ba riba a saurinsa, ya rage hannu ya daidaita da mai nawa. Idan kuɗin kowace riga ne, sai a shiga wawason aiki mai sauƙi: kowa na son wando da kaftani miƙaƙƙe, ba mai son babbar riga ko leshi mai duwatsu da ke karya allura. Ba mai tsayawa ya nuna wa yaro, ba mai taɓa gyara, don ba kuɗi a ciki.

Maganinsa shi ne a yi wa kowane irin ɗinki daraja gwargwadon lokacin da yake ci, teloli da kansu su zauna su amince. Misali wando maki ɗaya, kaftani biyu, babbar riga huɗu. Mai karɓar aiki ne ke rabawa bi da bi, ba ɗauka ake yi ba.

Sannan a rubuta yadda kuɗin ɗinki ke rabuwa. Ga misali kawai, kowane shago da farashinsa: a ɗinkin naira 10,000, shago ya ɗauki 4,000 na haya, mai, zare, gam da gyaran kekuna, mai haɗawa 2,500, mai aikin wuya 1,300, mai yanka 1,200, mai guga 500, sai 500 ta shiga asusun tarayya. Wannan ta ƙarshen ita ce sirrin. Ba ta shiga asusu sai kayan sun fita a ranar da aka yanka kuma ba a dawo da su gyara ba. Ana saura kwana biyu Sallah a raba wa kowa daidai, har da yaron guga. Da zarar mai haɗawa ya san makarar mai aikin wuya tana taɓa aljihunsa, da kansa zai tashi ya taya shi zana wuya ko sauya zare.

Abu biyu kuma a yi musu doka tun kafin su taso. Tukuicin da mai kaya ke damƙa wa tela a ɓoye don a sa nasa gaba: tukuici halal ɗinsa ne, amma ba ya matsar da lamba a allo. Sai aikin gefe, wato tela ya karɓo nasa ɗinkin yana yi da keken shago da man shago. Hana shi ɗungurungum ba ya aiki, ɓoyewa kawai za a koma yi. Gara a ware masa lokaci bayan an tashi, da abin da zai ba shago, a kuma dakatar da shi daga 10 ga azumi har Sallah.

Ranar biya ta zama tsayayya, Alhamis ko Asabar, kowa ya ga shafinsa a littafi ya sa hannu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki. Takarda shafi ɗaya da Hausa ta fi dogon "ai mun yi magana".

Gargaɗi: kada ka ci kafin alƙalamin masu kaya a wata hidima ka bar ma'aikata da "sai an karɓi kaya". Telan da iyalinsa ke jiran cefanen buɗa baki ba zai ji wani zancen haɗin kai ba.

Mataki na 7: Wuta da kayan tarayya

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tayar da janareto ya zama shawara, ba abin da yaro zai ja igiya kawai ba. Ka tsayar da awannin da za a kunna shi, da wanda ke da fifiko idan an kunna: keken aiki farko, tunda nan aiki ke cushewa, sai kekunan haɗawa. Dutsen guga na lantarki yana jan wat dubu ko fiye, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa tare da kekuna, don haka guga ta jira wutar gari ko a yi da na gawayi. Aikin da ba ya bukatar wuta, irin su yanka, zane, maɓalli da tsinke zare, a tara shi don lokacin da aka ɗauke.

Almakashin yanka na mai yanka ne shi kaɗai, ba a yanka kwali ko zif da shi. Wanda ya sa wa keke mai, ya ɗinka tsumma tukuna kafin ya ɗora farin yadi. Allura, zare da gam su zauna wurin mutum ɗaya, shi zai faɗa tun saura kaɗan, a haɗa sayayya a shiga kasuwa sau ɗaya a mako maimakon aiken yaro sau uku a rana.

Mataki na 8: Tsayuwar minti goma

Sai yanzu taro ya zo. Kowace safiya, a tsaye, gaban allo. Tambaya uku: me zai fita yau da gobe, me ya maƙale, me ya kusa ƙarewa. Ba a tuhuma a nan, ba a tada maganar jiya. A fara da ƙaramin cikinku a ƙare da maigida, don idan babba ya riga ya yi magana, yaro "haka ne" kawai zai ce.

Mataki na 9: Girma, dangi da gulma

Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce, amma a shago tana da tsada idan ba a yi mata ƙofa ba. Yaron guga shi ne na ƙarshe da ke ganin riga, sau da yawa shi ke lura aljihu ya karkace ko hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ba zai iya duban wanda ya girme shi da shekara ashirin ya ce ya yi kuskure ba, sai ya goge ya ninke ya yi shiru, mai kaya ya gano a gida. Ka ba shi hanyar da ba sai ya yi gyara da baki ba: duk abin da ya gani, ya sa alamar alli a kati ya mayar da lambar gidan jira. Ko a koya masa ya tambaya: "Yaya, duba min nan, haka ake so?" Kai kuma ka yaba masa a gaban kowa ranar farko da ya tare kuskure, don manyan su gane da izininka yake yi.

Ɗan'uwa a shago jarrabawa ce. Idan ƙanenka ko ɗan yayarka yana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ba a ce masa komai, an gama da dokar lokaci ga kowa. Ba a ce ka fi tsananta masa ba, shafinsa a littafi dai ya zama irin na kowa. Haka abin yake ga fifita 'yan garinku ko waɗanda kuka koyi sana'a wuri ɗaya wajen rabon aiki mai maiƙo. Rabo bi da bi na mataki na shida shi ke rufe wannan bakin.

Gulma kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya kawo maka ƙarar wani a ɓoye, amsarka ɗaya ce: "To Malam, bari in kira shi mu ji tare." Sau biyu za ka yi haka masu kawo suka su ragu, masu ƙorafin gaskiya su tsaya. Idan biyu sun yi saɓani, ka ji kowa shi kaɗai, sannan ka haɗa su bayan an tashi, ba gaban yara ba, ba gaban masu kaya ba. A tsaya kan abin da ya faru da lambar ɗinki kaza, kada a shiga "kai dama halinka ne". In rikicin ya girmi shago, kamar bashi ko maganar gida, a nemi dattijon da duka biyun ke jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyar teloli ta unguwa.

Gargaɗi: habaici ba gyara ba ne. Maigidan da ke sakin magana a iska yana cewa "wasu dai ba sa tsoron Allah" ya ɓata wa mutum shida rai, na bakwai ɗin da ake nufi kuma ya yi kamar ba da shi ake ba.

Mataki na 10: Idan an ɓata kaya

Za a ɓata, komai tsari. Guga za ta ƙona leshi, almakashi zai zarce. Abin da ke kashe shago shi ne ɓoyewa, a cusa kayan ƙarƙashin tebur har ranar karɓa. Doka ta zama: wanda ya faɗa cikin awa ɗaya, shago ya ɗauki kaso mafi yawa na asarar. Wanda ya ɓoye aka gano, nasa kason ya ƙaru. A rubuta wannan tun kafin a yi ɓarnar farko.

Bi katin ka ga inda kuskuren ya shigo kafin ka kira sunan kowa. Sau da yawa za ka tarar mai yanka ya yanka daidai abin da aka rubuta masa ne. Maigida ne zai kira mai kaya, a ranar, tun ana iya samun irin yadin a Kantin Kwari ko kasuwar da ta fi kusa, kuma da sunan shago zai ba da haƙuri, ba ya ce "yarona ne" ba.

Gargaɗi: a yi hattara da yankan albashi cikin fushi. Dokar ƙwadago ta hana cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara yadda maigida ya ga dama, ko diyyar ɓarna ma tana da ƙa'idojinta. Ban da doka, telan da aka zaftare wa kuɗin mako ana saura kwana goma Sallah yana iya ɗauke almakashinsa ya koma shagon gaba, a lokacin da kowa ke neman hannu.

Mataki na 11: Jadawalin azumi da rufe littafi

Ƙarfin mai azumi da safe yake. Yanka da zaɓen launin zare a yi su tsakanin hantsi da azahar, da hasken rana, don ƙwan lantarki yana ɓoye bambancin fari da ruwan madara, da na baƙi da shuɗi mai duhu. Bayan la'asar a bar wa aiki mara haɗari. Idan za a yi aikin dare bayan tarawihi, a raba mutane gida biyu, wanda ya kwana a keke kada ya taɓa almakashi da safe. A goman ƙarshe wasu za su tafi tahajjud, wani ma i'itikafi, wani kuma garinsu zai tafi Sallah tun ana saura kwana uku. Ka tambayi kowa tun farkon wata, ka cire kwanakinsa daga lissafin mataki na biyu.

Ranar da adadin da ka lissafa ya cika, ja layi a littafi, ka rubuta a ƙofa cewa an rufe karɓar ɗinkin Sallah. Ranar bayarwa ta ƙarshe da za ka yanka wa kowa kada ta wuce 25 ga azumi, tunda wata na iya yin 29, kwanakin da suka rage na gyara ne da kayan da suka maƙale. Wanda ya zo bayan an ja layi, a ba shi rana bayan Sallah a rubuce, ko a buɗe masa shafin Babbar Sallah, wadda ke tafe bayan kimanin kwana 70, ya zama lamba ta ɗaya.